Kifi da Fura a Bakin Ruwan Yauri: Jagorar Baƙo

Idan aka ambaci kifi a Jihar Kebbi, hankalin yawancin mutane Argungu yake tafiya, saboda bikin kamun kifinta da ya yi suna tun 1934. To amma na Argungu biki ne na 'yan kwanaki. Wanda yake son ya ci kifi yadda masu ruwa suke cinsa, safe da yamma, rani da damina, sai ya gangara kudancin jihar, ƙasar Yauri, inda Kogin Kwara, wato Neja, yake buɗewa ya zama Tafkin Kainji. Ƙananan hukumomi uku ne suka haɗa Masarautar Yauri: Yauri mai hedikwata a Yelwa, Ngaski mai hedikwata a Wara, sai Shanga ta wajen arewa. Kowacce tana da gaɓa, tana da masunta, tana da ƙauyukan da sai da jirgi ake zuwa.

Abin da zan fi nanata wa baƙo shi ne, abincin kirki a wannan yanki ba ya zaune wuri ɗaya yana jiran mai zuwa. Yana da sa'arsa a yini, yana da watansa a shekara. Akwai gidajen abinci a Yelwa, musamman a gefen babban titin da ya taso daga Kontagora ya nufi Koko da Jega, kuma matafiyi zai sami tuwo da shinkafa da miya a cikinsu ba laifi. Sai dai wanda ya tsaya nan, abincin hanya ya ci. Na Yauri yana bakin ruwa, kuma sai an yi masa sammako.

Wane wata za a zo

Tafkin Kainji ba tsohon ruwa ba ne. An fara ginin madatsar a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya shanye tsohuwar Bussa da gonaki da tsibirai masu yawa, aka tayar da mutane wajen dubu 44 aka sake musu matsuguni. Tsawon tafkin ya haura kilomita 130, kuma Yelwa tana can kansa na arewa, inda har yanzu ruwan ya fi kama da kogi. Sau biyu ruwa yake zuwa a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar ƙasar nan, mai laka, wanda yake cika tsakanin Agusta da Oktoba. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan garau cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Wannan lokaci na baƙin ruwa shi ne na baƙo. Tafki a cike yake, jirgi yana kaiwa har bakin ƙauyuka, an gama girbin shinkafa, albasar da Gungawa suka shahara da nomawa a gaɓa ta fara shigowa kasuwa, rana kuma ba ta ɓata abinci da wuri. A watannin farkon shekara ne kuma aka saba yin Bikin Rigata a Yelwa, inda ake tseren jirage da wasannin ruwa a gaban Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi. Wanda ya dace da shi zai ga masu tuya da masu gashi sun cika gari, amma ya nemi masauki tun da wuri.

Da bazara ruwa yakan ja baya, kifi ya tattaru a wurare masu zurfi, makiyaya su gangaro da shanu saboda burugu, ciyawar nan ta ruwa mai zaƙi. Lokaci ne mai albarka, sai dai zafi yana da tsanani. Farkon damina kuwa, daga Afrilu zuwa Yuni, ban so baƙo ya shirya yawon tsibirai. Hadari yana haɗuwa cikin ɗan lokaci, iska ta tayar da igiya, ga kututturan itatuwan da tafki ya shanye sun matso kusa da saman ruwa.

Safiya a bakin ruwa

Da an idar da sallar asuba ka kama hanya. Masuntan da suka kwana a ruwa, ko suka fita duba taru da mamarin da suka kafa tun jiya, suna fara dawowa da hantsi, kuma mafi kyawun kifi ba ya daɗewa a ƙasa. Dillalai da mata masu banda da fataken da za su loda shi zuwa kudu duk suna jiransa. In ka zo bayan azahar, abin da aka rage za ka tarar.

Kada ka faɗa wa jirgi kana taya. Galibi masunci yana da dillalinsa, ko wata mai saye da ta ba shi bashin raga, kuma kifinsa ta hannunsu yake fita. Yi sallama, ka ce sannunku da aiki, ka tsaya ka ga yadda ake ciniki kafin ka buɗe baki. Ƙananan kifi kashi-kashi ake sayarwa ko a daro, manya kuma ɗaya-ɗaya. Ka taya da mutunci. In an ce albarka, ka ƙara kaɗan. In an sallama, ka nemi gyara, ba wanda zai ga laifinka. Abin da ba a so shi ne a sallama maka sannan ka juya ka tafi.

Gane sabon kifi ba wuya. Ɗaga murfin kunnensa: cikin ya kasance ja wur, ba ruwan ƙasa ba, ba mai yauƙi da wari ba. Ido ya fito tar, bai faɗa ciki ba. Danna tsokar bayansa da yatsa. In ta dawo nan take, lafiya lau, in wurin ya lotsa ya tsaya, bar shi. Ciki kada ya kumbura. Tarwaɗa da ƙurungu kuwa da ransu ya kamata ka saya, domin suna jimre wa rashin ruwa. In ka tarar da tarin kifi iri-iri, manya da ƙanana, duk sun yi laushi jikinsu ya saki alhali da safe ne, ka wuce. Haka kifin da aka kashe da magani yake kasancewa, kuma masuntan kirki da kansu sun tsani wannan aiki.

Yanzu sai wane kifi, kuma a nan ne baƙo ya fi bukatar jagora, don kowanne da girkin da ya karɓe shi.

Giwan ruwa shi ne sarki. Yakan girma har ya fi mutum nauyi, tsokarsa fara ce, mai kauri, ƙayarsa manya ne da ake cirewa da hannu. Shi ya dace da yara da wanda bai saba da kifin kogi ba. In babba ne, gunduwa ake yanka maka. Ka nemi ta tsakiya don gashi, kai da wuya kuma don farfesu. A ganina matsakaici ya fi ƙato daɗi, tsokarsa ta fi taushi.

Ragon ruwa ba shi da ɓawo, yana da mai daidai misali, kuma idan ana maganar farfesu ban san wanda ya fi shi ba. Tarwaɗa kowa ya santa, amma wanda ya saba da ta gidan gona, wadda aka ciyar da abincin buhu, zai ji bambanci tun loma ta farko: ta kogi ba ta da wannan kitsen mai gundura, namanta a tsuke yake. Ɗan'uwanta ramboshi ya fi ta girma. Karfasa ta suya ce da gashi, a ci da hannu a hankali. Yauni, dogon nan mai sulɓi, yana da tsada domin fataken kudu suna rububinsa, Yarbawa suna darajanta shi a hidimar aure. In ka same shi da farashin da za ka iya, kada ka yi jinkiri.

Sannan akwai kifin da baƙo yakan raina, mutanen wurin kuwa suna sonsa. Ƙurungu ƙarami ne, kansa kamar ƙashi, yana da tsinkaye uku masu kafewa waɗanda in suka soki hannu sai an ji jiki. A bar wa mai gyara ta karye su. Amma romonsa, in an dafa shi da daddawa da ɗan yakuwa, yana da zaƙin da manyan kifi ba su da shi. Faliya mai faɗi ce, mai maiƙo, ita ce ta cika tafkin a shekarun farko bayan an datse ruwa, kafin yawanta ya ragu. Tana da ƙananan ƙayoyi da yawa, don haka banda ta fi karɓarta. Tsage, mai haƙoran nan a waje, shi ma ƙaya gare shi; maganinsa a tsattsaga jikinsa da wuƙa kusa-kusa, a soya shi ƙarau har ƙayar ta soyu a tauna ta tare. Balli mai manyan ɓawo namansa ya ɗan bushe, miya ce wurinsa.

Warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin da ake shanyawa a rana, suna da daɗi a miyar kuka ko a soya su da albasa da yaji. Sai dai a nan ina da roƙo. Ragar dala mai ƙananan idanu da ake jan warangi da ita ba ta zaɓe; tana kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa da na faliya tun ba su kai yatsa ba. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya yi aiki da sarakuna da masunta don a taƙaita ta, kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa ta daɗe tana jan kunne a kan haka. Idan ka duba kashin warangi ka ga rabinsa 'ya'yan manyan kifi ne, ka bar shi, ka kuma faɗi dalili cikin ladabi. Mai saye yana da baki a wannan magana fiye da yadda yake zato.

Wa zai dafa

Ba sai kana da murhu ba. Kusa da inda jirage ke tsayawa akwai mata masu tuya, kuma abu ne sananne mutum ya sayo kifinsa ya kawo a gyara masa. Ka ce, “Inna, ga kifi na sayo, nawa za a soya mini?” Ku daidaita kuɗin mai da na aiki tun kafin wuƙa ta taɓa shi. Ka tsaya a wurin, ba don zargi ba, don ka ga abu uku. Na farko, a cire kayan ciki ba tare da an fasa matsarmama ba, in ta fashe ɗaci ya shiga nama ke nan. Na biyu, tarwaɗa a cuɗe ta da toka ko a watsa mata ruwan zafi a kankare yauƙin. Na uku, mai. In man da ke kasko ya yi baƙi yana kumfa, ka sayi sabon man gyaɗa ka ba ta. Kuɗin kaɗan ne, bambancin kuwa babba.

Ga wanda ya tambaye ni, gashi ya fi suya ga sabon kifi. A tsaga gefensa biyu ko uku, a shafa gishiri da ɗan mai, a ɗora kan garwashin da ya daina harshe, a bar shi sai fatar ta saki waya da kanta kafin a juya. Yajin ƙuli a ƙarshe ake barbaɗawa, in an sa tun farko ƙonewa yake yi. A yanka albasar wurin da yawa, a matsa lemun tsami. Kada a cika masa kayan ɗanɗano na kanti, kifin da aka kama da asuba bai bukatarsu.

Farfesu kuwa sai an fara da romo. Albasa, attarugu, citta, kanumfari, masoro, ɗan kimba, tafarnuwa da daddawa su tafasa har su haɗa kai, sannan a jera kifi. Daga nan ba a sa ludayi a juya, sai dai a kama tukunya a girgiza, in ba haka ba ya dagargaje. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun ishi yawancin kifi. Ka tabbata ya dahu har ciki, domin kifin ruwan daɗi ba a cinsa da ɗanye-ɗanye.

Abin haɗawa shinkafa ce, don nan ƙasarta ce. Tuwon shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa da aka marmasa bandar kifi a ciki shi ne abincin dare a gidaje da yawa. Da safe akwai masa, a ci da romon kifi a maimakon miyar taushe. A ranar kasuwa masu dafa-duka suna kafa tukwane tun hantsi. Ka nufi wadda matuƙa jirgi da 'yan dako suka yi wa layi, kuma ka ci tun tukunya tana kan wuta.

Abin sha

A tsibiran ƙasar Girka irin su Santorini, baƙi sukan nemi giyar inabin wurin su haɗa da kifi. Nan ba haka ba ne. Jihar Kebbi tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, mafi yawan mutanen bakin ruwa Musulmi ne, kuma duk da cewa a wasu ƙauyuka waɗanda ba Musulmi ba suna dafa burkutu don hidimominsu, wannan sha'aninsu ne na gida. Ban ba kowa shawarar ya tafi nema ba, balle ya shiga jirgi da maye. Abin da ya cancanci a ɗauka daga waccan al'ada ta Girka shi ne tambayar kanta: me ƙasar nan take nomawa, me take tatsa, a ba ni shi in sha. Amsar a Yauri tana da faɗi, kuma ta fi lemon kwalba nesa ba kusa ba.

Fura da nono ce kan gaba. Matan Fulani suna isowa gari da hantsi, ƙorai a ka, su zauna a inuwar da suka saba, kusa da kasuwa ko tasha. Daga sha ɗaya na safe zuwa azahar shi ne lokacinta. Zuwa la'asar nono ya yi tsami, furar ta fara bushewa. Ka san abin da kake nema: kindirmo shi ne wanda ba a cire masa mai ba, mai kauri da gardi, nono kuwa an kaɗe shi an kwashe man shanu, ya fi ruwa-ruwa da ɗan tsami. Bayan cin soyayyen kifi nono ya fi sauƙi a ciki, kindirmo kuma ya fi dacewa in fura ce kaɗai abincin ranarka. Nemi a ɗiga maka a ludayi ka ɗanɗana. In ka ji gari-gari a harshe da wani tsami irin na ɗan itace, an ƙara masa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Ba cuta ba ne, amma bai kamata ka biya kuɗin kindirmo ba. Furar kirki ta gero ce, tana ƙamshin citta da kanumfari, tana murmushewa da ludayi ba tare da gudaji ba.

Ga inda nake so a saurare ni da kyau. Haɗarin fura ba a gero yake ba, a ruwan da aka dama ta yake, da ƙanƙarar da aka jefa ciki. Ruwan kogi da ba a tafasa ba yana kawo amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Ka riƙo ruwan gora ko na leda wanda ka yarda da shi, ka miƙa ka ce, “Inna, da wannan za a dama mini.” Ba za ta ji haushi ba in ka faɗa da fara'a. Ƙanƙarar da ba ka san asalin ruwanta ba, ka haƙura da ita. Haka nan wanka a gaɓar da ruwa yake kwance da ciyayi yana jawo tsargiya, don haka a hana yara faɗawa.

Da sanyin safiya kunu ne abokin tafiya. Kunun gyaɗa da aka dama da shinkafa, da zafinsa, da ɗan tsamiya, yana riƙe ciki har azahar, kuma tunda tafasasshe ne babu fargaba a kansa. Koko da ƙosai ma haka. Kunun tsamiya da kunun kanwa na gida ne, an fi samunsu in an yi maka masauki, ko da azumi. Kunun zaƙi da rana ake nemansa, da sanyinsa, amma shi ɗan yini ɗaya ne: in ka buɗe gora ka ji ta yi tsit, kumfa na tasowa, ya fara juyawa, a bar shi. Kunun aya ya fi shi saurin lalacewa a zafi. Zoɓo kuwa, in an dafa shi da citta da kanumfari ba a cika masa sukari da kala ba, shi ne ya fi dacewa da gasasshen kifi, domin tsaminsa yana wanke maiƙo. Da dare sai teburin mai shayi, inda za ka ji labarin ruwa da farashin kifi da halin da hanya take ciki.

Tsallakawa tsibiri

Daga Yelwa ana shiga jirgi zuwa ƙauyukan Gungawa na cikin ruwa da na gaɓa, irin yankin Gungun Sarki. Daga Zamare ana tsallakawa Rofia a Jihar Neja. Daga Wara kuma tafkin ya yi faɗi sosai, ana zuwa wajen Utono da Hoge. A gungu, wato tsibiri, babu gidan abinci, babu otal. Abin da ke akwai shi ne karamci, kuma karamci yana da ƙa'ida.

Kada ka je kai kaɗai kamar wanda ya faɗo daga sama. Nemi ɗan gari ya raka ka, ko a haɗa ka da wani ta hannun shugabannin masu jirgi. Da kun sauka, wurin mai gari za a fara kai ka. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce, “Ranka ya daɗe, baƙo ne, na zo ganin gari da gaishe ku.” Ka riƙo goro, da sukari ko sabulu ko ganyen shayi, abin da sai an tsallaka ake samu. Za a kawo maka ruwa, wataƙila da fura; ko ba za ka sha ba, ka karɓa da hannun dama ka yi godiya. In an kawo tuwo ka ci, ko loma kaɗan ce, don ƙin abinci a nan ƙin mutum ne. Kada ka ciro kuɗi ka ce nawa ne. In za ka tafi, ka ba mai gida wani abu ka ce a saya wa yara alewa, ko a ba masu girki tukuici. Mace baƙuwa za a shigar da ita cikin gida, kuma ita ce za ta ga ainihin girkin. Namiji ya tsaya inda aka ajiye shi. Hoto sai da izini, musamman na mata.

Mutanen nan ba yau suka fara karɓar baƙi ba. Fataken goro masu zuwa Gwanja ta Yauri suke bi, kuma a 1830 Turawa matafiya, Richard Lander da ƙaninsa John, sun sauka a nan suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya riga su zuwa, wanda ya halaka a ruwan Bussa a 1806. Za ka tarar da Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Dukawa da Sarkawa masunta da Nufawa da Fulani, kowa da harshensa, Hausa ta haɗa su.

Maganar jirgi ba ta wasa ba ce. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara ya tarwatse a tsakiyar ruwa, aka rasa rayuka fiye da ɗari. Lodi ya yi masa yawa. Don haka ka dubi jirgi kafin ka shiga: in bakinsa ya kusa shafar ruwa, ga buhuna ga babura ga mutane a kai, ka jira na gaba ko da za ka makara. Ka nemi rigar kariya ka ɗaura ta, in kuwa za ka riƙa zuwa, ka sayi taka. Kada ka yi tafiyar dare, hukumar kula da hanyoyin ruwa ma ta hana. Ka shirya dawowa kafin la'asar. Inda matuƙi ya ce akwai dorina a kauce, a kauce. Ta tudu ma sai da lura: yankin ya ga tashin hankali, har da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021. Ka tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar da za ka bi ta, ka yi tafiyarka da rana.

Wara da ƙauyukan Shanga ranar kasuwa ake zuwa musu, kuma kowane direba a tashar Yelwa zai gaya maka ranar kowacce. A Wara kifin babban tafki ne ya fi yawa, da banda kwando-kwando. A Shanga shinkafa da nono sun fi ja.

Tsaraba

Ɗanyen kifi ba ya kai Sakkwato ko Kaduna lafiya sai da ƙanƙara mai yawa, don haka banda ce tsaraba. Zaɓi wadda ta yi ja-ja mai sheƙi, ba baƙa ƙirin ba. Baƙar wuta ce ta ci ta, cikinta kuma mai yiwuwa da sauran danshi. Ƙwanƙwasa ta, ta yi ƙara kamar busasshen itace. Karya guda ɗaya a gaban mai ita: in gari ya zubo ko ka ga ramuka, ƙwari sun riga ka. Shinshina: hayaƙi za ka ji, ba warin kananzir ko na magani ba. Wasu marasa tsoron Allah suna yayyafa wa banda fiya-fiya da makamantansa don kore ƙwari, kuma wannan guba ce. In ka ga ƙuda ya dami kwandunan da ke kewaye amma ko ɗaya bai sauka kan wani kwando ba, ka yi hattara da shi. Mafi aminci shi ne ka saya daga hannun matar da ka ga tana bandar da idonka, ko ka sayi ɗanyen da safe ka ba ta ta yi maka, ka karɓa washegari ko jibi.

A hanya kada ka ɗaure ta a leda, gumi take yi ta yi fumfuna. Kwali mai huji ko kwando da takarda ya fi. In ka isa gida ka shanya ta a rana ko ka sake ɗora ta kan hayaƙi duk bayan 'yan kwanaki, kuma kafin ta shiga miya a jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri a wanke sau biyu. Warangi a sheƙe su a faifai, a wanke a tsame daga sama don yashi ya kwanta a ƙasa. Albasa kuwa ka zaɓi wadda wuyanta ya bushe ya tsuke, ka baza ta a inuwa inda iska ke shiga, ba a cikin buhu ba.